Shuɗiyar Rigar Alhaji Amidu

Birnin Ƙonni, 4 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Suraj,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mahaifiyarka Habsa, da yayarka Fareeda da mutanen gidanta can Atonsu. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya sauka, an yi shuka. Gwiwata tana nan yadda ka san ta. Kunne kuwa ya ƙarasa mutuwa, sai mutum ya tsaya a gabana ina kallon bakinsa. Shi ya sa na koma wa alƙalami. Shakiru mai motar albasa yana zuwa Kumasi duk sati biyu, ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa. Ba na son maganar gidanmu ta bi ta wayar surukata, ta riga ni ji.

To, Shakirun ne ya kawo mini labarin da ya hana ni sukuni. Ya ce ya shiga gidanmu na Akwatialine da hantsi don ya gaishe ku, ya tarar da mutum zaune a ɗakin Yaya Amidu cikin shuɗiyar babbar riga da hula da takalmi, har turare yana tashi. Ya ce saura kaɗan ya juya da gudu, don ya ɗauka marigayin ne. Ashe kai ne. Sai da na sa ya maimaita mini sau uku.

Suraj, wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifinka. Ranar addu'ar arba'in, ni da kai da Fareeda muka zauna muka yarda cewa kayan sawarsa duk sadaka ne, ladan ya je masa. Da hannuna na ninke su na sa a akwati kafin in kamo hanya. Yaya aka yi riga ta fito daga akwati ta hau jikinka? Abu na biyu, me ƙato kamarka yake yi a gida ranar Talata da hantsi? In an sallame ka daga aikin nan na Adum, ka faɗa mini, ba a kanka aka fara ba. Amma mutum ya zauna a ɗaka yana cin ado da kayan mamaci, wannan ban san sunansa ba.

Ka ba ni amsa da hannunka. Ka gaida Habsa, ka ce mata har yau ban sami mai miyar ayoyo kamarta ba.

Gwaggonka,
Hikima

Akwatialine, Kumasi, 13 ga Yuli

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin ganin rubutunki ko da yake faɗa ne a ciki. Allah ya sauwaƙe gwiwa da kunne. Muna lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, kwatar bayan gida ta cika sau biyu. Yaya Fareeda tana zuwa duk Lahadi. Mma tana cin abinci yanzu.

Ba a sallame ni ba. Aikina yana nan, amsa wasiƙu da kiran mutanen da suka sayi fitilun kamfaninmu masu aiki da hasken rana. Bayan rasuwar Baba na roƙi manaja ya bar ni in riƙa yi daga gida, tunda kwamfuta da waya kawai ake bukata, ya kuwa yarda. Na sa tebur a ɗakin Baba. Ƙarfe takwas nake zama, ƙarfe biyar in tashi, kamar dai a ofis, sai dai na huta da bin layin trotro, motocin hayan nan.

Maganar shiri kuwa, da farko da singileti nake zama, sai na ga aikin ba ya tafiya. Mutum ya wuni yana jin kansa kamar majinyaci. Yanzu kullum nakan yi wanka, in sa kaya cikakku har takalmi, sannan in buɗe kwamfuta. In muna taro ta bidiyo abokan aikina har Nana suke ce mini suna dariya, kamar wani basaraken Asante.

Akwatin Baba na kai shi masallaci tun watan Maris. Riguna uku kawai na riƙe. Ki yi mini haƙuri a kan ukun nan zuwa wani lokaci.

Ɗanki,
Suraj

Akwatialine, 27 ga Yuli

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan jiki da sauƙi. Shakiru ya zo hannu rabbana. Ya ce kin karanta takardata kin tura ta ƙarƙashin tabarma ba ki ce uffan ba. Na san wannan shirun naki. Kina da gaskiya kuma, rabin magana na rubuta miki. Ga sauran.

Kin tuna ranar jana'iza Mma ta tambaye ki sau biyu wane ne ya rasu, muka ce firgici ne. Ba firgici ba ne. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma gaba yake yi, ba ya baya. Daga watan Fabrairu ta daina gane ni. In na shiga ɗakinta sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta tambaye ni ɗan wane ɗaki ne ni cikin 'yan haya.

Wannan na iya jurewa. Abincin ne ban iya ba. Kin san halinta, shekara arba'in da shida ba ta taɓa sa hannu a kwano ba sai Baba ya ci ya turo mata. Ta manta sunayenmu, ta manta hanyar banɗaki, amma wannan ba ta manta ba. Sai a ajiye mata koko ya huce a gabanta, ta ce, "Alhaji bai ci ba." Yaya Fareeda ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Mma ta rame har zobenta ya zame ya faɗa cikin bokitin wanka.

Ranar da zan kai akwatin masallaci na buɗe shi in ƙara gani. Ƙamshin Baba ya buge ni. Allah ya sani kewa ce kawai ta sa na zura shuɗiyar rigar nan na ɗora hula. Na fito zan duba madubin tsakar gida, na wuce ta ƙofar Mma, sai na ji ta ce, "Alhaji, kokonka zai huce." Na shiga na zauna, na sha ludayi biyu, na tura mata kwanon. Ta shanye tas, har da ƙosai uku.

Tun ranar haka muke, safe da rana da yamma. Kuma sai shiri ya cika. Ran nan na shiga da riga da hula amma ba takalmi, ta dubi ƙafata ta juya fuska ga bango, don Baba bai taɓa taka tsakar gida ba takalmi ba. Shi ya sa nake wuni a haka a gaban kwamfuta, ban san lokacin da za ta leƙo ba. Riguna uku ne saboda damina, ɗaya a jiki, ɗaya a wanki, ɗaya a kan igiya ta ƙi bushewa.

Ban taɓa ce mata ni ne Alhaji ba. Ban kuma taɓa ce mata ba ni ba ne. Ba na yawan magana, shi ma Baba ba mai magana ba ne. Yaya Fareeda ba ta so, ta ce yaudarar uwa ce, takan tafi kafin lokacin abinci don kada ta gani. Ba na fita waje da su, ranar Juma'a nawa nake sawa. Kunya ce ta hana ni rubuta miki wannan tun farko.

Suraj

Birnin Ƙonni, 8 ga Agusta

Suraj,

Ina gaishe ku. Muna lafiya, gero ya kai gwiwa. Shakiru bai dawo ba, an ce motarsa ta lalace a ƙasar Burkina, don haka wani direba na ba wannan.

Na yi shiru ne don in huce, amma kullum na ciro takardarka sai in ƙara hawa. Na ji ba a kore ka ba, madalla. Na ji Habsa tana cin abinci, madalla. Na kuma yarda mutum ya yi wanka ya sa kaya kafin ya kama aiki, ko a ɗaka ne, wannan tarbiyyar gidanmu ce. Amma ni ba yarinya ba ce. Mai amsa waya a kan fitila ba ya bukatar babbar riga mai aiki har ciki. Ina rigunanka na ofis, wuta suka ci?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ka ce suna kiranka Nana suna dariya. Rigar da Yaya ya je aikin Hajji ya dawo ya ɗinka, ita ce ta zama abin wasan yara a bidiyo? Shi yana kwance yana jiran ladansa, kai kana nishaɗantar da abokai.

Yau na karɓi wayar surukata na kira Fareeda. Magana ina iya yi a waya, ji ne ba na yi. Na ce mata gobe Juma'a in ka tafi masallaci ta kwashe ukun nan ta bayar, kuma ba shawara nake ba ta ba. Ta yi wata doguwar magana, surukata tana ta yi mini nuni wai in tsaya ta faɗa mini, na ce ba na son jin uzuri. Kada ka yi fushi da yayarka, ni na sa ta. Wata rana za ka gode mini.

Gwaggonka

Akwatialine, 13 ga Agusta

Gwaggo,

Takardarki ta iso yau. Na gane tawa ta biyu ba ta same ki ba. Ba zan iya doguwar gaisuwa ba, ki yafe mini.

Yau kwana huɗu Mma ba ta ci komai ba. Ruwa kawai, shi ma sai an ɗiga mata da cokali.

Na dawo daga Juma'a na tarar da igiya ba komai, ƙusar bayan ƙofa ba komai. Yaya Fareeda tana zaune a tsakar gida tana jirana. Ban yi mata faɗa ba. Ta ce ta yi ƙoƙarin gaya miki, kuma a ranta ta ce watakila haka ya fi, Mma za ta saba. Ta kwana nan don ta nuna mini za ta iya ba ta abinci da kanta. Tun ranar ba ta koma Atonsu ba, kuma ba ta iya haɗa ido da ni.

Na gwada farar kaftanina da hular aro. Na gwada babbar rigar maƙwabcinmu. Mma ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan." Yanzu ba ta ma zama a ɗaki, kujera take ja bakin ƙofa tana kallon zaure. Likita ya zo jiya ya ce in aka kai jibi a haka sai an kwantar da ita an sa mata ruwa, kuma ruwa ba abinci ba ne.

Mun bi sawun rigunan. Farar, wani matafiyi aka ba, ya wuce Bawku. Mai ruwan ƙasa, matar da ta karɓa ta riga ta kai tela ya yanka wa 'ya'yanta. Shuɗiyar tana wurin Malam Kamaldeen, tsohon da ke sharar masallacinmu. Na je wurin Liman na ce zan saya masa sabuwa wadda ta fi ta, ya ba ni wannan. Liman ya saurare ni har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce abin da aka bayar don Allah ba ya komawa hannun wanda ya bayar, ko da saye ne, ko da musaya.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba. Da na faɗi gaskiya a takardar farko da ba mu zo nan ba. Ki yi mata addu'a.

Suraj

Birnin Ƙonni, 24 ga Agusta

Ɗana,

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, ta Shakiru da safe, ɗayar da la'asar. Ta farko na karanta ta a tsaye. Ta biyu ban iya ƙarasa ta ba sai da na zauna a ƙasa.

Ni da na ce ba na son surukata ta ji maganar gidanmu, ni na je ɗakinta na roƙe ta ta kira Fareeda ta tambayar mini ko Habsa tana da rai. Ta rubuta mini amsar a bayan kwalin sukari: "Tana nan. An samu aro. Ta ci." Ban gane aron me ba, amma na yi sujada. Kwalin yana cikin jakata.

Laifin nawa ne, kada ka raba shi da ni. Ka rubuta mini "Mma tana cin abinci yanzu", na wuce ta kansa kamar labarin ruwan sama, na je na tsaya a kan dariyar abokanka. Yarinya tana gaya mini gaskiya a waya na hana a faɗa mini. Kunnena ya mutu, wannan daga Allah ne, amma ranar nan ni na toshe sauran.

Na san Habsa tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ba ta jin yaren Tuwi ko kalma ɗaya, ni nake raka ta kasuwar Kejetia ina yi mata ciniki. Tun a lokacin nake mata tsiya a kan jiran kwanon nan. Nakan ce, in Yaya ya tafi Salaga sati guda fa? Takan ce ai ba ya tafiya sai ya ce mata ta ci. Wannan karon ya tafi bai ce ba.

Ba zan ƙara cewa ka cire rigar ba. In akwai zunubi a ciki, Allah ya san abin da ya sa. Abu ɗaya nake roƙonka, kuma roƙo ne, na daina ba da umarni. Kai nake ji. Wata biyar kana tashi kana shirya kanka ka zama wani mutum, uwarka tana kallonka ba ta ganinka. Ka zaɓi rana ɗaya ka shirya tsaf cikin kayanka, kayan Suraj, ka je ka zauna kusa da ita. Ba don ta ci abinci ba. Ko ba ta gane ka ba, kai ka san ka je.

Ka rubuto mini maganar aron nan.

Gwaggonka,
Hikima

Akwatialine, 13 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Muna lafiya. Mma ta ɗan murmure, ko da yake ba ta koma yadda take kafin kwanakin nan biyar ba, tafiya sai an riƙe ta. Yaya Fareeda yanzu ita ke dama koko, kuma ta daina tashi in lokacin abinci ya yi.

Ga maganar aro. Ashe Malam Kamaldeen yana shara a bayan taga lokacin da nake magana da Liman. Washegari da safe sai ga shi da rigar a leda. Kin san Hausarsa ta mutanen arewacin Ghana. Ya ce, "Riga na ne yanzu, ba zan sayar, ba zan ba ka. Amma jiki na bai bukata shi kullum. Juma'a kawai." Muka koma wurin Liman, ya ce aro kam ba a hana ba. Don haka yanzu rigar Baba aronta nake yi. Ranar Alhamis da yamma bayan Mma ta ci tuwo in wanke rigar in goge, Juma'a da safe in kai masa, ya je sallah da ita a sahun gaba, bayan an sauko ya kawo mini. Ranar Juma'a Mma ba ta karyawa sai ƙarfe biyu.

Tunda safiyar Juma'a ba rigar a gida, ita na zaɓa don abin da kika roƙa. Yau ne. Na sa farar rigata ta ofis da baƙin wando, na goge takalmi, na taje kai. Na yi sallama a ƙofar Mma. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Akwaaba, tena ase," wato ta ɗauke ni baƙo daga cikin gari tana ba ni wurin zama. Na gaishe ta da Hausa. Ta ce, "Ashe ɗan Zango ne," wato ɗan unguwar Hausawa. Ta sa Yaya Fareeda ta kawo mini ruwa. Ta tambaye ni aikina, na gaya mata. Ta tambaye ni ko iyayena suna da rai, na ce mahaifiyata tana nan. Ta ce in riƙe ta da kyau. Na yi kusan awa ɗaya a wurin, na faɗa mata sunana sau biyu, ta ce suna mai kyau. Da zan tashi ta sa mini albarka irin wadda ake sa wa ɗan mutane.

Bayan sallah Malam Kamaldeen ya kawo riga. Na sa, na ɗora hula, na shiga da kwanon tuwo. Na ci loma biyu na tura mata. Ba ta sa hannu nan da nan ba.

Ta ce, "Alhaji, yau mun yi baƙo. Yaro mai hankali. Ya yi kama da Suraj ɗinmu."

Gwaggo, wata bakwai ban ji sunana a bakinta ba.

Ta ce, "Ina yake ne? Ya daɗe bai leƙo ni ba."

Na ji Yaya Fareeda ta tashi ta fita. Rigar tana jikina, kwanon yana gabanta, ba ta ci komai ba tun jiya. Na san in na cire hular nan na ce ga ni, tuwon zai huce a wurin. Na ce, "Yana nan. Aiki ne ya riƙe shi."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Kada ka yi masa faɗa. Ka dai ce masa ba na fushi. Ko bai zo ba, na yafe masa."

Na ce zan gaya masa. Sannan ta ja kwanon ta fara ci, ni kuwa na zauna ina kallonta har ta gama, ta suɗe hannu.

Ɗanki,
Suraj